Kujera Biyu a Motar Alkasum

Rahama tana zaune kan tabarma a tsakar gida, tana ɗaura kallabi a kan da babu ko silin gashi. Mijinta Siddiƙ yana tsaye bakin ƙofar ɗaki, ya zuba wa kusurwar da firigo, wato firji, yake a da ido. Firigon ya daɗe da tafiya, ya bar sawun ƙafafunsa a siminti. Tele, wato talabijin, ta bi bayansa. Na ƙarshe shi ne moto, babur ɗin da Siddiƙ yake kabu-kabu da shi tun ranar da aka rufe ramin ma'adinai na Akokan, aka sallame su.

"Baban Maryama," in ji Rahama, "da kallo yana mai da firigo, da yanzu muna tauna ƙanƙara."

"Ina duba abin da ya rage ne."

"Tukwane biyu ne, sai ni. Ni kuwa wa zai taya? Ko gashi babu."

Siddiƙ ya juyo a hankali. "Akwai masu tayawa. Na san su, na san gidajensu."

Rahama ta yi dariya har ta dafe ƙirji, gefen da aka yi mata aiki. Ta san mijinta. Akwai mutanen da Allah ya halitta da kishi kamar yadda ya halicci barkono da yaji, ba su suka saya ba, sabulu kuma ba ya fitar da shi. Siddiƙ mutumin Damagaram ne, dogo, mai fara'a, mai sakin hannu. In ka gan shi a fada, majalisar hirar maza, yana zuba wa abokai shayi, sai ka rantse ko ƙuda ba zai iya kora ba. Amma bari wani namiji ya ce wa Rahama ina kwana da murya mai ɗan laushi, ranar nan tuwo a wuya zai tsaya masa.

A shekarar aurensu ta biyu ma ya taɓa yin abin da har yau ake ba da labarinsa a unguwa. Wani mai tumatir daga lambunan bayan gari ya yi wa Rahama gyara, gyaran ya kusa fin abin da ta saya. Siddiƙ ya jera tumatirin a ƙasa, na saye gefe ɗaya, na gyara gefe ɗaya, ya yi ta kallon su kamar alƙali. Kafin la'asar ya tsinke igiya ɗaya cikin ukun aurensa. Kafin Juma'a ta zagayo yana durƙushe gaban iyayenta yana kuka da majina. Ta koma, aka ci gaba da zama da igiya biyu.

Ciwon kuwa da ɗan ƙulluto ya faro. Daga asibitin Arlit aka tura su Agadas, daga Agadas aka ce sai Yamai. Can aka faɗa musu sunansa: sankarar mama, ciwon dajin nan da mutane ke rage murya in za su ambata. Aka yi mata aiki, aka ce duk bayan sati uku ta dawo a ɗaura mata ruwan maganin da suke kira shimiyo. Siddiƙ bai yi ƙasa a gwiwa ba. Shi ke riƙe mata kwano in amai ya taso, shi ke wanki, shi ya koyi dama kunu har ya daina yin gudaji. Amma ciwon nan ba jiki kaɗai yake ci ba, har aljihu yana lasa. Ga gwajin jini, ga takardar magani, ga taksi da abinci a birnin da ko ruwa sai ka saya. Uwa uba kuma hanya, mutum biyu daga Arlit zuwa Yamai su dawo. Katin asibitin kamfani ya mutu tare da aiki.

Matan unguwa sun yi abin kirki. Rahama ba ta taɓa fashin kai biki gidan kowa ba, aure ko suna. Sai suka ce ai biki ba dole sai da amarya ko jariri ba. Suka taru wata Asabar a tsakar gidanta, suka shimfiɗa zane, kowace ta mayar mata da bikinta har da ƙari. Abin da aka tara ya isa maganin da ya rage mata, don ta riga ta yi rabi. Kuɗin hanya ne ya tsaya kamar ƙashi a wuya, ga randebu, ranar komawa wurin likita, yana matsowa.

Suna cikin haka sai aka yi sallama. Inna Zinatu ce, uwar Rahama, 'yar Tawa mai baki kamar reza. Siddiƙ ya durƙusa ya gaishe ta, kansa a ƙasa. Inna ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba, saboda kunyar suruki. Amma kunyar Inna irin ta masu dabara ce. Duk abin da take son ya ji, sai ta jawo buta ta ajiye a gabanta, ta gaya wa butar.

Ta zauna, ta jawo buta.

"Ke buta, tunda ke ɗai ad da kunne a gidan ga, saurara. Na tahi tasha. Alkasum ya ce ɗiyata ta taho ta hau kar ɗinshi kyauta, da ita da mai rakiya, har ranar da likita zai sallame ta."

Da an watsa wa Siddiƙ tafasasshen shayi a ƙafa da ya fi masa sauƙi. Duk Arlit in akwai sunan da ba ya son ji, to wannan ne. Alkasum Ba'abzine ne, shi ya fara neman Rahama tun yana yaron mota, rigarsa duk baƙin mai. Inna da kanta ta kore shi da muciya, ta ce ɗiyarta sai mai albashi. Mai albashin shi ne Siddiƙ. Yau ga shi rami ya rufe, Alkasum kuma yana da kar biyu, manyan motocin fasinja masu zuwa Yamai, da labule a tagoginsu.

"A gaya masa mun gode," in ji Siddiƙ. "Muna da hali."

"Buta, kin jiya? Suna da hali. Ina halin shike? Ko shi ma an kai shi kasuwa tare da firigo?"

"Inna, don Allah," in ji Rahama.

"Ƙyale ni, da buta nike. Buta, ni na yi wauta. Da na san rami shina rufewa, mota kuwa tana haihuwa, da yanzu ɗiyata tana zaune gidan gaba ana yi mata fifita."

Nan idon Siddiƙ ya rufe. Ya ga Rahama a gidan gaba, ya ga Alkasum da farin rawani yana miƙa mata ruwan sanyi, ya ga doguwar hanya da labule. Ya miƙe tsaye a gaban surukarsa, abin da bai taɓa yi ba.

"Rahama, ki ji ni da kyau. Ranar da ƙafarki ta taka motar Alkasum, a bakin aurenki."

Ko akuyar maƙwabta ta daina kuka. Rahama ta dube shi, sannan ta gyara kallabinta.

"Na ji, Baban Maryama."

Inna ta shuri butar, ta fita ba sallama.

Wanda ya yi rantsuwa da aljihu wayam, shi ya ɗora wa kansa kaya. Siddiƙ ya bazama. Ya je fadar tsofaffin abokan aikinsa na rami, ya tarar kowa da nasa kukan, shayin ma na biyu ake mayarwa na uku. Ya je kasuwa ya yi dako, buhun siminti, buhun shinkafa, har kafaɗarsa ta saluɓe. Abin da yake samu, in an ci abinci an saya wa 'yarsu Maryama sabulu, sauran ko Agadas ba zai kai mutum ɗaya ba. Kullum kuma sai ƙafarsa ta bi da shi ta gaban tasha, ya tsaya daga nesa yana hararar kar ɗin Alkasum. Har fentin motar haushi yake ba shi.

Ranar randebu ta zo, ta wuce. Da safiyar ranar Inna ta zo ta haɗa wa Rahama kaya a jaka, ta ce ta tashi su tafi, abin da zai faru ya faru. Rahama ta zazzage jakar.

"Inna, igiya biyu ta rage mini a gidan nan. Ba da ƙafata za a tsinka ba."

Bayan haka jikinta ya fara ba da labari. Hannun gefen da aka yi aiki ya kumbura, hammata ta riƙa yi mata zugi. Ta daina yi wa Siddiƙ ba'a, abin da ya fi komai tsorata shi ke nan. Wata rana da azahar yana shigowa daga kasuwa ya tarar da ita da waya a kunne, tana cewa to, to, in sha Allahu, muryarta ƙasa-ƙasa. Inna na gefe tana tsince shinkafa.

"Da wa kike magana?"

"Daga asibitin Yamai ne. Saƙon likita ne, wai in ban zo Litinin mai zuwa ba, wahalar da na sha a baya ta tashi a banza. Ciwon ba ya jira."

Maimakon bawan Allah ya yi salati, ka san abin da ya fito daga bakinsa?

"Likitan namiji ne ko mace?"

Rahama ta ajiye wayar. Tun da aka fara ciwon nan, ranar da gashinta ya zube ma dariya ta yi, ta ce ta huta da kuɗin kitso. Amma yau sai ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kuka, irin kukan da ba ya da ƙara, kafaɗu kaɗai ke motsi.

Inna ta ajiye faifai. Ta dubi buta, ta ture ta gefe, ta ɗago kai ta kalli surukinta cikin ido.

"Siddiƙ."

Bai taɓa jin sunansa a bakin matar nan ba.

"Sake ta. Ba ta takardarta ta tahi ta nemi ranta. Gara in ga ɗiyata bazawara da in gan ta cikin likkafani. In ta mutu, da wa za ka yi kishin? Da masu haƙa kabari?"

"Ni ba saki nake so ba, Inna," in ji Rahama, tana share fuska da bakin zane. "Shi nake so, da haukarsa da komai. Wa ya wanke ni lokacin da ni kaina ba na son warin jikina?" Ta juyo wurinsa. "Amma Baban Maryama, ina son in ga ranar da za a sa Maryama a lalle. Ka nemo mini hanyar da zan samu duka biyun, don ni na gaji da tunani."

Siddiƙ ya fita ko takalmi bai sa daidai ba. Bai zame ko'ina ba sai zauren Malam Zayyadu, limamin masallacin unguwa, wanda ya ɗaura musu aure. Ya kwashe labari ya gaya masa, ya ce yana son ya janye maganarsa, ko azumi ne zai yi, ko ciyarwa.

Malam ya girgiza kai. "Wannan ba irin rantsuwar da ake fansa da azumi ba ce. Ka rataye saki a ƙofar mota, yana nan rataye. Ranar da ta taka, ya faɗo. Da ka faɗa, nawa ka nufa?"

"Malam, mai fushi yana ƙirga ne?"

"To ɗaya ce. Nawa suka rage maka?"

"Biyu. Mai tumatir ya ci ɗaya."

"Mai tumatir bai ci komai ba, kai ka ci abarka." Malam ya gyara zama. "Hanya biyu ce. Ko ka sa ta a wata motar, ko ka bar sakin ya faɗi, ka mai da ita nan take gaban shaidu. In ka yi haka aurenku yana nan, sai dai da igiya ɗaya. Mutum mai baki irin naka kuwa, zama da igiya ɗaya kamar tafiya da ƙwai ne a aljihun wando. Ka sake kuskurewa, ta haramta gare ka sai ta auri wani."

"Wani?"

"Wani. Kuma ba kai za ka zaɓa mata ba."

Siddiƙ ya ce wata motar zai nema. Ya bi ofisoshin tasha ɗaya bayan ɗaya ko za a ba shi bashin kujera. Ashe lokacin bakans ne, babban hutun makaranta, 'yan lakwal da masu komawa gida noma sun cike kowace mota har ta sati mai zuwa. Mai kuɗi a hannu ma roƙo yake. Da rana ta yi sanyi ya ga babu sauran ƙofa sai ɗaya. Ya nufi rumfar Alkasum. Dabararsa ita ce ya roƙe shi rance, ya je ya saye kujerar wani fasinja a wata motar ko da ninki ne.

Ya tarar da shi ba farin rawani, ba fifita. Yana kwance ƙarƙashin kar da sifana a hannu, ya yi tumbi, gemu ya fara fari. Ya fito yana goge hannu da tsumma. Hausar Alkasum irin ta mutanen dutse ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

"Siddiƙ, marhaba. Yaya mai jiki? Na ji bai tafi randebu ba. Me ya hana shi?"

Siddiƙ ya yi ta kame-kame, ƙarshe dai ya faɗi abin da ya kawo shi, har da rantsuwar. Alkasum ya saki baki yana kallon sa, sannan ya kama hannunsa.

"Zo ka gani."

Ya hau da shi cikin motar. Bayan kujerar direba akwai kujeru biyu da aka lulluɓe da jan ƙyalle.

"Waɗannan ba a sayar da su, ko ranar salla. Na masu ciwon daji ne. Mai rakiya kuma ga benci a tsakiya." Ya leƙa ta taga, ya nuna wani tsoho da ke zaune a inuwa, wuyansa naɗe da bandeji, yana jan carbi. "Wancan Aghali ne, makiyayi daga Gugaram. Ya sayar da raƙumansa saboda maƙogwaro. Shi ne zai zauna a ɗaya kujerar jibi. To gaya mini, shi ma na taɓa neman aurensa?"

"Uwata ya mutu a garin nan ina yaron mota," in ji Alkasum, ya rage murya. "Magani yana Yamai, kuɗin hanya babu. Kullum ina loda kayan mutane zuwa can, uwata yana kwance a nan. Ranar da na samu mota na ce kujera biyu nasa ne. Rance kuwa ba ni da shi, motar nan rabinta bashi ce. Kujera nake da ita. Kai kaɗai kake ganin Rahama a kanta, ni mara lafiya nake gani. Matata in ya ji wannan labari, sai ya yi dariya har ya faɗi."

Siddiƙ ya shafa jan ƙyallen. Kishin bai fita daga ransa ba, ƙarya haram. Amma ya ji ya ƙanƙance, kamar kare da aka watsa wa ruwa.

"Jibi ƙarfe nawa?"

"Da hantsi. Ka zo da wuri, yarona ya gudu wurin haƙar zinariya. Mai rakiya zai taya ni lodi."

Ranar tafiya tasha ta cika maƙil. Labari kuwa ya riga su isa, don Inna ba ta iya riƙe magana ko da buta. Masu sayar da burodi, 'yan kabu-kabu, matan unguwar da suka yi biki, kowa ya zo ganin sakin da za a yi a ƙofar mota. Siddiƙ ya gama ɗora buhunan mutane a saman kar, gumi har cikin ido. Malam Zayyadu yana tsaye da sandarsa. Ya ce ana son shaida na biyu, ya waiga, ya ce ai ga mai mota. Siddiƙ ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe.

Rahama ta iso bakin ƙofar, Inna na riƙe da Maryama a hannu ɗaya, butar tafiya a ɗayan. Rahama ta tsaya, ta dubi matakin ƙarfen kamar bakin rijiya.

"Baban Maryama, ka tabbata? In ka ce in koma gida, zan koma."

"Na san za ki koma. Shi ya sa ba zan ce ba." Ya miƙa mata hannu. "Taka, Rahama. Ni na ƙulla, ni zan ɗauka."

Ta dafa shi, ta ce bismillahi, ta taka.

"Sakin ya faɗi," in ji Malam.

Mata suka ɗauki salati. Inna ta ɗaga buta daidai fuskarta. "Buta, ki shaida, yanzu haka ɗiyata ba ta da miji. Kowa ya ga dama ya taya."

Rahama ta zauna a jan ƙyalle kusa da tsoho Aghali. Kowa ya juyo yana jiran Siddiƙ. A daidai nan Alkasum, da zuciya ɗaya, ya jawo wani ɗan matashin kai daga bayan kujerarsa ya miƙa mata ta sa a ƙarƙashin hannun da ya kumbura, don hanyar Agadas ramuka ce zalla. Rahama ta karɓa ta ce ta gode, har da ɗan murmushi.

Jama'a, ku zo ku ga wuyan Siddiƙ. Jijiyoyi suka miƙe, ido ya kaɗa, tsohon ciwonsa ya taso tun daga ɗan yatsan ƙafa. Ga matarsa ba aure a kanta, ga Alkasum, ga matashin kai, ga murmushi. Maganar da ta zo bakinsa ba ta maidawa ba ce. Malam ya gani, ya ɗan buga sanda a ƙasa. Siddiƙ ya ciji leɓe har ya ji gishiri. Ya dubi kumburarren hannun, ya ga yadda ya samu wurin hutawa a kan matashin. Shi bai ma tuna ya kawo ba.

"Alkasum," ya ce da ƙyar, "Allah ya saka da alheri. Allah ya jiƙan mahaifiyarka."

"Amin."

"Malam, ku shaida. Na mai da matata Rahama."

"Mun shaida," in ji Malam.

"Na shaida," in ji Alkasum. "Ya koma."

Guɗa ta tashi a tashar Arlit kamar an kawo amarya. Rahama ta leƙo ta taga, hawaye a fuska, bakin nan nata ya dawo.

"Malam, haka ake yi? Ba a barin bazawara ko ruwa ta sha?" Aka kwashe da dariya. Ta jira Siddiƙ ya hau ya zauna a bencinsa na tsakiya, gwiwoyinsa har haɓa, sannan ta sunkuyo ta yi magana yadda shi kaɗai zai ji. "Saura ɗaya, Baban Maryama. Ka riƙe ta da hannu biyu. Ni ba ni da niyyar zuwa ko'ina."

Inna ta miƙo butar ta taga. Wannan karon ba ta gaya mata komai ba, surukinta ta miƙa wa.

Sun isa Yamai a kan lokaci. Likitan, in kana son sani, namiji ne, kyakkyawa ma kuwa, Siddiƙ ya gaishe shi da hannu biyu. Haka suka yi ta zirga-zirga a jan ƙyalle da benci har Rahama ta gama shimiyo. Ranar da aka ce ciwon ya kwanta, sai dai ta riƙa zuwa ana dubawa, Siddiƙ ya yi kuka a gaban mutane bai ji kunya ba. Gashinta ya tsiro, baƙi, mai laushi kamar na jariri, ta ce yanzu kuma kuɗin kitso ya dawo.

Siddiƙ ya zauna a tasha, shi ne mai lodin Alkasum. Bakin da ya kusa kashe masa aure shi ya sa a gaba, ya bi masu motoci da naci da ba'a har wasu biyu suka yarda suka lulluɓe kujera da jan ƙyalle. Abokansa na fada suka ce su ma ba za a bar su a baya ba, ranar Juma'a ba a dafa shayi, kuɗin ya zama guzurin marasa lafiya. Duk mai ciwon da zai hau, Siddiƙ ke ɗaukar masa jaka. In ya ga miji yana ɗaure fuska don za a taimaki matarsa, sai ya ja shi gefe ya ba shi labarin wani wawa da ya sani.

Kada ka ce kishin ya mutu. Yana nan, sai dai an sa masa takunkumi. Kwanan baya mai tumatirin nan ya sake yi wa Rahama gyara a gaban idonsa. Siddiƙ ya kalli tumatir, ya kalli sama, ya ce, "Allah ya ƙara kasuwa," haƙoransa a haɗe. Inna da ta ji labari ta jawo buta ta ce, "Gaya mishi akwai tuwo da miyar kuka a gidana, in shina so."

To 'yan uwa, ciwo irin wannan ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, duk wanda ya ce shi kaɗai zai ɗauka, mara lafiyarsa ce za ta biya. In an miƙo hannun taimako, dubi wanda ke kwance, kada ka tsaya binciken mai hannun. Kishin da zai hana matarka magani ba so ba ne, son kai ne ya sa rigar so. Rahama ta yi haƙuri, Allah ya bar mata ranta da mijinta. Siddiƙ kuwa ya gane cewa igiyar aure ba a kasuwa ake sayo ta ba. Mai uku ya yi hattara da bakinsa, balle mai ɗaya.